Ƙaramar laftof ɗina tana tsayawa cak, tana kuma mutuwa da rana: akwai gyara?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, ina aji uku. Bara na sayi ƙaramar laftof ta hannu mai allo inci 11. A jikinta an rubuta Celeron N4000, RAM 4GB, ma'ajiya 32GB, kuma Windows 10 ce a kanta. Da farko tana aiki ba laifi, amma yanzu idan na buɗe Chrome da Word tare sai ta tsaya cak, wani lokaci ma ta mutu da kanta, musamman da rana. Sau biyu ina kai ta ana yi mata fomatin, an ce mini bairos ne, amma bayan 'yan makonni sai ta koma gidan jiya. Shin akwai gyara, ko in haƙura in sayar da ita?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Idan na fahimce ka da kyau, ƙorafi biyu ka haɗa a wuri guda. Na farko shi ne nauyi da tsayawa cak a duk lokacin da ka buɗe manhajoji biyu ko uku tare, na biyu kuma shi ne mutuwar kwamfutar ba tare da ka kashe ta ba, wanda ka lura ya fi faruwa da rana. A ganina waɗannan matsaloli biyu ba tushensu ɗaya ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da fomatin zai warkar har abada. Abin da fomatin yake yi shi ne ya share kayan da suka taru, kwamfutar ta ɗan samu sarari na 'yan makonni, sannan kayan su sake taruwa kamar yadda ka gani da idonka. Ban ce bairos ba ya kama irin wannan na'ura ba, amma a cikin waɗanda ake kawo mini masu irin wannan ƙorafi, waɗanda bairos ne ainihin ciwonsu 'yan kaɗan ne.

Irin na'urar da ke hannunka

Waɗannan ƙananan kwamfutoci sun samo asali ne daga Eee PC da kamfanin Asus ya fitar a 2007, mai allo inci 7, sannan a 2008 Intel ya fito da firosesar Atom wadda aka ƙera domin ta ci wuta kaɗan ta kuma yi arha. Taka jikanyar waɗancan ce. Firosesar N4000 ta fito a ƙarshen 2017, tana da ƙwaƙwalwar aiki guda biyu, gudunta na yau da kullum 1.1GHz ne, tana iya zabura zuwa 2.6GHz na ɗan lokaci, kuma an tsara ta a kan wat 6 kacal. Firosesar laftof ta ofis irin Core i5 ta wannan zamanin an tsara ta a kan wat 15, wato fiye da ninki biyu. Wannan ƙarancin cin wuta shi ne alfanunta, domin shi ya sa batirinta ke daɗewa kuma yawancinsu ba su da fanka, amma shi ne kuma iyakarta.

Abu biyu ne suka fi muhimmanci ka sani game da cikinta. A mafi yawan samfurorin wannan aji, RAM ɗin a like yake a jikin bod, ba a cire shi kuma ba a ƙara shi. Ma'ajiyar mai 32GB ita ma ba hadis (hard disk) ba ce, ba kuma SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, ba ce ta sosai. Wani ɗan guntu ne da ake kira eMMC, dangin wanda ke cikin wayoyi masu arha, shi ma a like yake. Yana karanta babban fayil da sauri daidai gwargwado, amma idan aka zo ga rubuta ƙananan abubuwa masu yawa a lokaci guda sai ya yi sanyi ƙwarai, kuma yakan ƙara sanyi idan ya kusa cika.

Abin da ke sa ta tsaya cak

Ka ɗauki RAM kamar teburin da ɗan kasuwar Kwari yake baje atamfa a gaban mai saye, ma'ajiya kuma sitonsa ne da ke can bayan layi. Muddin kayan da ake dubawa sun samu wuri a kan tebur, ciniki yana tafiya. Da zarar teburin ya cika, to duk turmin da aka nema sai an naɗe wani an kai sito kafin a ɗauko shi, mai saye kuma yana tsaye yana jira. Haka Windows take yi: idan RAM ya cika, sai ta riƙa kwashe wani sashe na abin da ke cikinsa tana ajiyewa a wani fayil a ma'ajiya, tana dawo da shi idan an buƙace shi. A kan SSD mai kyau mutum ba ya cika lura da wannan kai-komo, amma a kan eMMC da ya kusa cika shi ne tsayawar nan da kake gani, inda kibiyar allo ke motsi amma babu abin da ke amsawa.

Lissafin ba shi da wuya. Daga cikin 4GB ɗin, sashen da ke zana hotuna a allo yana yankar nasa rabo, domin ba shi da mamori na kansa. Windows 10 kuma, tun kafin ka buɗe komai, takan riƙe kusan rabin abin da ya rage. Saura ƙasa da 2GB ke nan za a raba tsakanin Chrome da Word da duk abin da ke gudana a ɓoye, alhali Chrome yana ware wa shafukan da ka buɗe mamori daban-daban, kuma shafi guda na Facebook ko WhatsApp Web ko Google Docs yana iya cin ɗaruruwan MB shi kaɗai. A ɓangaren ma'ajiya ma haka abin yake. Abin da ake kira 32GB, idan ka duba za ka ga wajen 29GB ne ake iya amfani da shi, Windows da Office kuma suna cinye mafi yawansa tun ranar da aka ɗora su. Bayan fomatin kana da 'yan GB a sarari, sai sabuntawar Windows ta sauka, sai tarkacen burauza, sai littattafan PDF da bidiyon lacca, cikin wata guda sandar ma'ajiyar ta koma ja. Wannan shi ne sirrin "'yan makonni" da ka ambata.

Kafin ka taɓa komai, ka auna. Lokacin da ta fara nauyi ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Performance ka dubi abu uku: firosesa, mamori da ma'ajiya. Idan mamori ya haura kashi 85 cikin 100 kuma ma'ajiya ta maƙale a kashi 100, to abin da na bayyana ne ke faruwa. Idan kuwa firosesa ce ta cika alhali mamori yana da sarari, ka koma sashen Processes ka ga wace manhaja ce ke saman layi. Sau da yawa za ka tarar sabuntawar Windows ce ke aiki a ɓoye, ko kuma anti-bairos ne ke binciken fayiloli.

Batun anti-bairos ɗin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. An taɓa kawo mini wata irin taka, ta wata ɗaliba mai rubuta furojet, wadda aka yi wa fomatin kwanaki kaɗan kafin nan. Da na kunna ta sai na tarar da anti-bairos iri biyu suna gudana a lokaci guda, ga wata manhaja mai alƙawarin ƙara wa kwamfuta gudu, ga wata mai neman sababbin direbobi, ga burauza uku, dukkansu suna tashi tare da Windows. Sararin da ya rage a ma'ajiya bai kai 1GB ba. Mai gyaran da ya loda mata su da kyakkyawar niyya ya yi, kayan da yake zuba wa kowace kwamfuta ne daga filashinsa, sai dai wannan na'ura ba ta da ƙarfin ɗaukar su. Ban yi fomatin ba. Cire su kawai na yi, na bar Microsoft Defender da ke zuwa tare da Windows, kuma kwamfutar ta farfaɗo a gaban mai ita. Defender ya wadatar da kai, matuƙar ba ka saukar da manhajojin sata masu zuwa da abin fasa lasisi ba, domin ta wannan ƙofa ce bairos na gaske ya fi shigowa.

Don haka aikin farko shi ne rage kaya. Ka cire duk manhajar da ba ka buɗe ba tun farkon zangon karatu, ka shiga sashen Startup na Task Manager ka kashe duk abin da ba dole ne ya tashi tare da kwamfutar ba. Ka yi amfani da Disk Cleanup, ka zaɓi share fayilolin tsarin, domin a nan ne ragowar tsofaffin sabuntawa suke kwance. Idan ka buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta powercfg /h off, za ka dawo da fiye da 1GB da Windows ta ware wa dogon barcin kwamfuta, kuma umarnin compact /compactos:always yana matse fayilolin Windows ya ba ka ƙarin wajen 2GB. Burinka shi ne kada sararin da ya rage ya gaza 5GB a kowane lokaci. Littattafai da bidiyo da hotuna kuwa ka mayar da su kan katin mamori, tunda yawancin waɗannan na'urori suna da ramin microSD. Sai dai ka saya a wurin wanda ka amince da shi, domin katin jabu mai nuna 128GB alhali cikinsa bai kai haka ba ya yi yawa a kasuwa, kuma ba ya nuna halinsa sai ranar da fayilolinka suka ƙi buɗewa. Akwai mai ba da shawarar a kashe fayil ɗin da Windows ke juye mamori a cikinsa domin a samu sarari. Kada ka bi wannan shawara, domin a kan 4GB sakamakonta shi ne manhajoji su riƙa rufewa da kansu kana tsakiyar rubutu.

A burauza, ka zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kanta. Chrome yana da Memory Saver, Edge kuma yana da tsarin sa shafukan da ba a amfani da su barci; ka kunna wanda ya dace, ka cire ƙarin kayan da aka liƙa wa burauzar, ka saba da shafi huɗu ko biyar a lokaci guda. Allon irin wannan kwamfuta 1366 da 768 ne, saboda haka kallon YouTube a 1080p asarar data ce da wahalar da firosesa a banza. 480p ko 720p ya ishe ka ganin rubutun malami a allo. Kuma ka riƙa yin Restart aƙalla sau ɗaya a 'yan kwanaki, domin a Windows 10 danna Shut down, idan tsarin saurin tashi yana kunne, ba ya wanke mamori gaba ɗaya yadda Restart yake yi.

Mutuwa da rana

Wannan ita ce ta fi damuna, domin nauyi yana ɓata lokaci ne kawai, amma mutuwar bagatatan tana iya lalata fayil ɗin da kake rubutawa, har ma ta lalata Windows ɗin kanta. Ƙarancin RAM ba ya kashe kwamfuta ɗif. Abubuwa uku nake zargi, kuma ambaton rana da ka yi ya sa zafi ya zo a gaba.

Masu ƙera laftof galibi suna rubuta cewa a yi amfani da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Kai ma ka san yadda Kano take a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin kwanan ɗalibai mai rufin kwano da babu wuta babu fanka. Idan ka buɗe bayan irin wannan kwamfuta galibi ba za ka ga fanka ko bututun jan ƙarfe ba. Wani siririn faranti ne na ƙarfe kwance a kan firosesa, da ɗan man sanyaya ko ɗan ƙyallen roba a tsakaninsu, shi ne ke watsa zafin zuwa jikin kwamfutar, iska kuma ta kwashe. Idan iskar ɗakin ita ma zafi gare ta, kuma an ɗora kwamfutar a kan katifa ko filo ko darduma, zafin ba shi da wurin zuwa. Firosesar takan fara da rage gudunta domin ta kare kanta, abin da za ka iya gani a Task Manager idan gudun ya faɗo ƙasa da 1GHz alhali ana aiki, kuma idan ta kusanci iyakarta ta digiri 105 sai na'urar ta yanke wuta gaba ɗaya. Ƙaramar manhaja irin HWMonitor ko Core Temp za ta nuna maka zafin da idonka. Maganin farko ba ya cin ko sisi: ka ɗora ta a kan tebur ko katako, ka ɗaga bayanta da wani abu domin iska ta ratsa ƙasanta, ka guji yin caji da aiki mai nauyi a lokaci guda tsakanin azahar da la'asar, aikin da ke buƙatar dogon zama kuma ka kai shi laburare ko ka bari sai dare. Idan duk da haka zafin firosesar yana haura digiri 90, to a buɗe ta a sauya man sanyayan, domin a na'urar da ta shekara shida ko bakwai yakan bushe ya zama kamar alli. Idan kuwa taka tana cikin 'yan kaɗan masu fanka, ƙurar hunturu ce abin dubawa na farko.

Na biyu shi ne caja. Kwamfutocin hannu da yawa suna zuwa ba tare da cajarsu ta asali ba, sai a haɗa wa mai saye da wadda bakinta ya shiga kawai. Ka juya kwamfutar ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, ko 19V ne ko 19.5V ko 20V ko wani adadi daban, ka gwada da abin da ke jikin cajar. Dole ƙarfin wutar ya zo daidai, adadin amfiya na cajar kuma kada ya gaza wanda kwamfutar ta nema. Alamar caja marar kyau da na fi gani ita ce kibiyar allo ta riƙa tsalle da kanta idan an jona wuta, ta kuma natsu da zarar an cire, musamman a kan ƙaramin janareto. Na uku kuma batir ne da ya gaji. Tsohon batir yana iya nuna kashi 40 sannan ya faɗi ƙasa warwas lokacin da firosesa ta zabura ta nemi ƙarin wuta. Umarnin powercfg /batteryreport zai fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da ya rage masa yanzu. Idan ka ga wurin da ake shafa yatsa ya ɗago, ko jikin kwamfutar ya fara buɗewa ta gefe, to batirin ya kumbura, ka daina cajinsa a ranar, a cire shi, domin haɗarin gobara ne.

Hanyar rarrabe su ita ce ka lura da yanayin da take mutuwa. Idan a kan batir kawai take yi, batir ne. Idan sai an jona caja, ka ari ta wani mai irin taka ka gwada. Idan kuma ba ta zaɓe amma sai jikinta ya yi zafi, ka san inda za ka nufa. A akwatin bincike na Windows ka rubuta reliability, za ka samu jadawalin da ke nuna ranakun da ta mutu da abin da ya faru kafin nan. Idan shuɗin allo take nunawa kafin ta mutu, ka ɗauki hoton rubutun da wayarka, sannan ka gudanar da Windows Memory Diagnostic. A nan iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa take: idan gwajin ya nuna RAM ɗin ya samu matsala, ko eMMC ɗin ya fara lalacewa, babu wata manhaja da za ta gyara shi, kuma kuɗin ɗaga guntun daga bod a sa wani yakan kusanci kuɗin kwamfutar kanta. Wannan sai an ɗora ta a kan teburin gyara kafin a yanke hukunci.

Windows ko Linux

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba amma ta shafe ka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai shirin ƙarin sabuntawar tsaro na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana buƙatar ma'ajiya 64GB aƙalla, wato taka ba ta cika sharaɗi ba, kuma ban ba ka shawarar a tura mata ita da ƙarfi ba, domin nauyin da kake kuka da shi ƙaruwa zai yi. Komawa Windows 7, wadda tallafinta ya ƙare tun Janairun 2020, ita ma ba mafita ba ce ga na'urar da ke shiga intanet kullum, haka kuma Windows ɗin nan da wasu suka yi wa kwaskwarima suka ce mai sauƙi ce, tunda ba ka san abin da aka cire ko aka cusa a cikinta ba.

Abin da na fi ɗora wa irin wannan na'ura shi ne Linux, tsarin da ake ɗorawa a maimakon Windows, musamman Linux Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu. Dukkansu kyauta ne, suna tashi da ƙasa da 1GB na mamori, suna barin fiye da rabin ma'ajiyarka a sarari, kuma sabuntawarsu ba ta kama kwamfutar da kokawa kana tsakiyar aiki. Ba za su mayar da Celeron ta zama Core i5 ba, shafin intanet mai nauyi yana nan da nauyinsa, amma tsayawa cak ɗin nan takan ragu ƙwarai. Matsalar ita ce Word da Excel na cikin kwamfuta ba sa aiki a kansu. LibreOffice za ka yi amfani da shi, wanda yake buɗe fayilolin Word yana kuma ajiye su, ko da yake tsarin shafi da lambobin babi sukan ɗan goce, don haka ka riƙa mayar da aikinka PDF kafin ka kai wurin buga takardu. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba su da na Linux, amma dama ba wannan kwamfutar ce za ta ɗauke su ba. Kyawun abin shi ne kana iya gwada Linux daga filashi ba tare da ka goge komai ba. Ka yini da ita a haka, ka tabbatar Wi-Fi da sauti da kyamara suna aiki, kuma gwajin zai ƙara maka wani haske: idan a kan Linux ɗin ma ta mutu da rana, to ka tabbata ciwon a jikin ƙarfen yake.

Game da sayarwa, amsar tana ga irin karatunka. Idan aikinka rubutu ne da karanta PDF da bincike a intanet, ka riƙe abarka, za ta kai ka ƙarshen digiri idan ka kula da zafinta ka kuma ajiye kwafin furojet ɗinka a filashi da Google Drive. Ka sa a duba maka ko samfurinka yana cikin waɗanda aka bar wa ramin M.2 a bod, domin idan akwai shi, SSD mai 128GB zai sauya mata hali fiye da duk dabarun da na lissafa. Idan kuwa sashenku yana buƙatar manhajar zane ko ta lissafin injiniya, to ka fara tara kuɗi, kuma ranar da ka shiga kasuwar Beirut Road ko ta Farm Centre a Kano kada ƙyallin jiki da sirantaka su ja ka. Tsohuwar laftof ta ofis mai Core i5 daga zubi na takwas zuwa sama, da RAM 8GB da SSD 256GB, ta cika sharuɗɗan Windows 11, kuma kafin ka biya ka sa mai shagon ya buɗe maka Task Manager ka karanta sunan firosesar da kanka, ka tambaye shi ko RAM ɗin na cirewa ne, sannan ka fitar da rahoton batirin a gabansa.